'Yan tsuntsayen nan masu ratsin kai da ka gani a gadar Kakum

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kumasi. Mun kai ziyara gandun dajin Kakum da ke kudancin Gana, muna kan gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa da hantsi sai na hangi wasu 'yan tsuntsaye biyar ko shida a reshen wata doguwar bishiya, ƙanana ƙwarai. Kansu da ƙirjinsu kamar an yi musu ratsi-ratsi, cikinsu rawaya, suna ta lilo a ƙarshen rassa, wani ma kansa a ƙasa. Kafin in ƙare musu kallo sun tashi. Hoton da na ɗauka da waya baƙi ƙirin ya fito. Wani a cikinmu ya ce matan tsuntsun nan ne mai shan ruwan fure. Don Allah wane tsuntsu ne, kuma yaya ake gane irin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin jama'a da yawa suna taka gadar Kakum kullum, hankalinsu na kan igiya da zurfin da ke ƙarƙashinsu, ba kowa ke ɗaga ido ya lura da abin da ke motsi a reshe ba. Kai ka lura, har ka riƙe siffa.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsuntsun da masana ke kira Pholidornis rushiae, wanda za ka tarar a littattafan tsuntsaye na Turanci da sunan Tit-hylia. Ina da ƙarfin zato a kan haka, amma akwai abubuwa biyu da ba ka ambata ba, baki da ƙafa, kuma su ne za su rufe maganar. Zan zo kansu.

Tsuntsun nan tsawonsa daga baki zuwa jela kimanin santimita 7 da rabi ne zuwa 8, nauyinsa kuwa wajen giram 5, wato bai ɗara ƙwayar magi da wani abin kirki ba. Yana cikin mafiya ƙanƙanta a duk tsuntsayen Afirka, wasu ma suna ba shi na ɗaya. Saboda tsananin ƙanƙanta, saƙar gizo-gizo takan kama shi. Kansa da wuyansa da saman ƙirjinsa fari-fari ne mai ɗan duhun ƙasa, an bi shi da ratsi masu duhu a tsaitsaye. Gadon baya da fukafukai ruwan ƙasa ne mai duhu. Daga ƙasan ƙirji zuwa ciki rawaya ne, kuma rawayar ta zagayo har ƙugu, wurin nan da ke saman gindin jela. Bakinsa gajere ne, jelarsa gajeriya, ƙafafunsa kuma rawaya ce mai haske, wani lokaci har ta koma ruwan lemo.

To, me ya sa na karkata gare shi tun ban ji labarin baki da ƙafa ba? Saboda abubuwa uku da ka faɗa ba kasafai suke haɗuwa a jikin wani ƙaramin tsuntsun saman kurmi ba in ba shi ba. Rawayar ciki kaɗai ba ta gaya wa mutum komai. A saman kurmin Gana ƙananan tsuntsaye masu rawayar ciki sun yi yawa, wanda ya dogara da ita kullum cikin ruɗu yake. Ratsin kai da ƙirji shi ne babban shaida. Sai kuma yawansu da halinsu: wannan tsuntsu a ƙungiya yake yawo, daga biyu har zuwa bakwai, galibi iyali guda, kuma ba ya yawan cuɗanya da ayarin nan na tsuntsaye iri-iri da ke bin kurmi tare suna kiwo. Ka ga biyar ko shida iri ɗaya, su kaɗai, suna lilo a ƙarshen reshe. Wannan ya dace da shi sarai.

Lilon nan ma yana da dalili, kuma in ka fahimci dalilin ka samu wata hanyar ganewa da ba ta dogara da launi ba. Babban abincinsa wasu ƙananan ƙwari ne da ke manne wa jikin reshe da bayan ganye suna tsotsar ruwan itace, ba sa gudu, ba sa tashi, dangin farin ƙwaron nan da ke addabar rogo da mangwaro. Wanda abincinsa a manne yake ba ya buƙatar farauta, tsinta yake yi. In ka samu sa'a ɗaya daga cikinsu ya tsaya kusa da dandamalin da kake, wato wurin tsayawa da aka kafa a jikin itace tsakanin gada da gada, za ka ga ya kama siririn reshe da ƙafafun nan masu haske, ya bi shi a hankali taku-taku, ya leƙa sama, ya karkato ya leƙa ƙasa, ya juye gaba ɗaya cikinsa na kallon sama, ya sa baki ya ɓamɓaro wani abu da idonka bai ma gani ba, ya haɗiye, ya ƙara gaba. Sai ya gama da wannan reshen sannan ya yi ɗan tsalle zuwa na kusa. 'Yan'uwansa na kewaye da shi suna yin irin wannan, suna ɗan kiran juna da siririyar murya. Can sai ɗaya ya tashi, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya zuwa wata bishiyar. A lokacin tashin nan ne, in kana sama da su ko daidai da su kamar yadda gadar Kakum ke ba mutum dama, rawayar ƙugu take bayyana ƙarara tsakanin fukafukai masu duhu.

Abokin tafiyarka da ya ce matan masu shan ruwan fure ne bai yi maganar banza ba, nan ne tunanin kowa ke fara zuwa. Mazan wannan dangi gashinsu ƙyalli yake yi, matan kuwa dishi-dishi ne, da yawa cikinsu rawaya-rawaya. Akwai ma ɗaya, Hedydipna collaris, mai gajeren baki da ciki rawaya shar, wanda shi ma yakan bi ganye yana tsintar ƙwari, kuma yana da yawa a Kakum. Sai dai shi har macen bayanta kore ne mai ƙyalli, ba ratsi a kai ko kaɗan. Wadda ke da ratsi sosai a ƙirji da ciki ita ce macen Cinnyris johannae, amma ita ta fi naka girma nesa ba kusa ba, bakinta kuma dogo ne lanƙwasasshe, ba ya ɓoyuwa ko a inuwa. Sannan ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: masu shan ruwan fure ƙafafunsu baƙaƙe ne ko masu duhu. Duk ɗan tsuntsun da ka ga ƙafarsa rawaya ce mai haske, ka fitar da shi daga wannan dangi kai tsaye. Halinsu ma daban. Su ba su da natsuwa, yanzu suna nan yanzu suna can, suna karkaɗa fiffike, suna korar juna a kan fure, musamman inda kauci ya yi fure a saman bishiya.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne Anthoscopus flavifrons, kuma a kansa nake so ka fi sa hankali. Girmansu kusan ɗaya, shi wajen santimita 9. Shi ma a ƙungiya yake yawo, shi ma a ƙololuwa, shi ma yana rataya kansa a ƙasa. In ka hango su daga ƙasa sararin sama na bayansu, kusan babu abin da zai raba maka su sai ɗan bambancin baki, domin nasa ya fi tsini, kamar an fiƙe shi. Amma da zarar haske ya faɗa masa, magana ta ƙare: jikinsa kore-kore ne mai duhu a sama, dishi-dishi a ƙasa, sumul babu ratsi, ƙafarsa ruwan toka, da ɗan rawaya a goshi wanda da wuya a gani daga nesa. Tunda ka ce ka ga ratsi a kai da ƙirji, ka riga ka kauce masa, muddin ratsin na jikin tsuntsun ne. Na faɗi haka ne saboda hasken rana da ke ratsowa ta tsakanin ƙananan ganyaye yakan zana wa tsuntsu sumul layi-layi a jiki. Yadda ake bambancewa shi ne a jira tsuntsun ya motsa. Ratsin gashi yana tafiya tare da tsuntsu, na inuwa kuwa yana nan inda yake, tsuntsun ne ke ratsa shi. Kuma da wuya inuwa ta yi wa tsuntsaye biyar zane iri ɗaya a wuri ɗaya na jikinsu.

Akwai kuma Sylvietta denti, shi ma ɗan mitsitsi mai rawayar ciki. Shi jela ce ke tona masa asiri, don kusan babu ita, sai ka ce an yanke. Bakinsa ya fi tsawo da siranta, kumatunsa da ɗan ja-ja, kuma shi kaɗai ko su biyu ake ganinsa, sau da yawa cikin ayarin wasu tsuntsaye. Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Zosterops mai yawo a garke yana da farin zobe kewaye da ido. Eremomela badiceps yana da jar hula da baƙin ɗamara a ƙarƙashin farin maƙogwaro, kallo ɗaya ya isa.

Yanzu bari in koma rabi na biyu na tambayarka, wanda a ganina ya fi na farkon amfani, domin sunan tsuntsu ɗaya na yini ɗaya ne, hanyar ganewa kuwa da ita za ka yi ta aiki.

Abin da ya sami hotonka shi ne yake samun idon mutum. Idan ɗan abu mai duhu yana gaban sarari mai haske, kyamara tana auna haskenta da sararin ne, sai abin ya fito baƙi. Ƙwayar ido ma haka take tsukewa. Shi ya sa a saman kurmi launi ne abu na farko da ke ɓacewa, ga shi kuma shi ne abu na farko da sabon mai kallon tsuntsaye ke nema. Ko inda launin ya fito, ba a cika amincewa da shi ba. Hasken da ya biyo ta cikin ganye yana shafa wa farin ciki kore ko rawaya, rana ta sassafe tana ƙara wa komai ja. Saboda haka sai mutum ya juya tsarin kallonsa. Ka fara da siffa: baki gajere ne ko dogo, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, mai kauri ko siriri? Jela fa, ta wuce ƙarshen fiffike da yawa ko kaɗan, ko babu? Waɗannan ko a baƙin hoto suna nan. Don haka kada ka goge hoton nan naka. Ka buɗe shi, ka ƙara masa haske har iyaka, ka zuƙo shi. Ko launi bai dawo ba, tsawon baki da na jela za su fito, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawar da masu lanƙwasasshen baki da kuma mara jela.

Bayan siffa sai hali, yadda na kwatanta maka a sama: su nawa ne, iri ɗaya ne ko gauraye, a wane sashe na bishiya suke, tsinta suke yi ko cafkar ƙwari a iska ko shan fure. Sai zane, wato inda duhu yake da inda haske yake a jiki, da ratsi ko rashinsa, domin zane ya fi launi jure mugun haske. Launi shi ne na ƙarshe, kuma ba a karɓarsa sai tsuntsun ya gifta gaban wani abu mai duhu, kamar gangar jikin bishiya ko cunkoson ganye. Wannan 'yar daƙiƙar ita ake jira. Mai haƙuri yakan bi tsuntsu da madubin hangen nesa minti biyu ko uku yana baƙi, bai sauke hannu ba, har ya shiga gaban duhu, sai ga ratsi da rawaya da ƙafa sun fito lokaci guda.

Girma kuwa, a nan nake yawan jan kunnen masu koyo. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ƙasa haka ne. A saman bishiya mai tsawon mita 40, inda babu wani abu da ka san girmansa a kusa, ido yakan rasa kimar. Tsuntsu mai santimita 12 da mai santimita 8 duk "ƙarami ƙwarai" ne a bakin wanda ya hango su daga nesa. Magani shi ne ka auna shi da wani abu da ke gefensa, ganyen da ya tsaya a kai ko wani tsuntsun da ka riga ka sani. Gwaran da ka saba gani a tsakar gida wajen santimita 15 ne, ka ga naka rabinsa ke nan a tsawo, a nauyi kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu nasa ba. In ka rubuta "bai kai tsawon ganyen da yake kai ba", sannan ka duba irin ganyen nan a kusa da dandamali, ka samu ma'auni na gaske.

Sai murya. A kurmi kunne ya fi ido aiki, mafi yawan tsuntsayen da masu bincike ke rubutawa a irin wannan daji jin su aka yi, ba a gan su ba. Shi wannan naka muryarsa siririya ce, gajerun kira masu kaifi da 'yar waƙa mai sauri, kuma tana saurin nutsewa cikin ƙarar ƙwarin daji. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake wuce shi ba a sani ba. Kai da kake matashi kana da riba a nan, domin sauti mai siranta irin wannan shi ne farkon abin da kunne ke rasawa idan shekaru suka ja. Ka yi amfani da kunnenka tun yana da kaifi. Akwai taskar muryoyin tsuntsaye a intanet mai suna xeno-canto, kyauta ce, ka sa sunan kimiyyar ka saurara har ta zauna maka kafin ka koma. In ka je kuma ka ji wani kira, ka ɗauka da wayarka, ka faɗi rana da wuri da bakinka a ƙarshen ɗaukar. Wayar da ta kasa hoto ba za ta kasa sauti ba. Abin da ba na so shi ne a riƙa kunna wa tsuntsu muryar ɗan'uwansa ba ƙaƙƙautawa don a jawo shi. Yana barin kiwo da sheƙa ya zo neman abokin gaba da babu shi, kuma a wuri irin Kakum da baƙi ke zuwa kullum abin yana taruwa ya yi masa yawa.

Akwai muryar da za ka riƙa ji a Kakum tun daga bakin hanya, fito biyu masu tsabta a jere, sai kuma wata 'yar busasshiyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa. Wannan Hylia prasina ne, kore-kore mai farar gira, ya fi naka girma kuma ya fi zama a tsakiyar daji da ƙasa-ƙasa. Na kawo shi ne saboda shi ne ɗan'uwan tsuntsunka mafi kusa a duniya, ko da yake a ido ba su yi kama ba. Tun da John Cassin na Filadelfiya ya fara bayyana Pholidornis a rubuce a 1855, masana suka yi ta kai-kawo da shi. An sa shi cikin masu shan ruwan fure, an mai da shi cikin ƙananan masu cin tsaba, an kai shi dangin Anthoscopus. Daga baya binciken ƙwayoyin gado, daga shekarun 2000 zuwa nan, ya nuna shi da Hylia tushensu ɗaya, yanzu su biyun ne kaɗai a dangin da ake kira Hyliidae, kuma dukansu masu cin ƙwarin nan ne masu mannewa. Ka ga ke nan ruɗanin da ya same ku a kan gada irinsa ne ya sami masu riƙe da tsuntsun a hannu shekara fiye da ɗari.

Mazauninsa kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Saliyo da Gini, ya biyo Laberiya da Kodebuwa da kudancin Gana, sannan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon, ya ratsa Kwango har Yuganda da arewacin Angola, da tsibirin Bioko. An raba shi gida huɗu bisa ɗan bambancin launi da ratsi. Na wajenku shi ne ussheri, sunan Herbert Ussher, gwamnan Gold Coast (wato Gana ta yau) na zamanin mulkin mallaka, wanda ganuwar Ussher da ke Accra ke ɗauke da sunansa. Wannan yana da amfani a aikace, domin in zanen littafin da ke hannunka na tsuntsun Kamaru ne ko na Yuganda, kaurin ratsi da ƙarfin rawaya za su ɗan saɓa da wanda ka gani. Haka kuma 'ya'yan da ba su gama girma ba ratsinsu bai fito sosai ba, launinsu dishi-dishi. In ka samu ƙungiya, kada ka tsaya kan na farkon da madubinka ya faɗa wa. Ka bi su ɗaya-ɗaya har ka samu babba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ba tsuntsun tsakiyar kurmi ba ne kaɗai. Ya fi son bakin daji, da dajin da aka taɓa sara ya sake tsirowa, da dogayen itatuwan da manoma suka bari tsaye a gonakin koko. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa shi cikin waɗanda ba sa fuskantar barazana a yanzu, kuma wannan hali nasa na cikin dalili. Amma rayuwarsa a gona tana rataye ne da itatuwan nan. Duk lokacin da na ga an kayar da wani tsohon rimi a tsakiyar gonar koko raina yakan ɓaci, domin na san ba itace kaɗai aka kayar ba. Sheƙarsa ma abin kallo ce, dunƙulalliya, saƙaƙƙiya da zaren tsirrai, ta fi mai ita girma sau da yawa, ƙofarta wani ɗan bututu ne mai kallon ƙasa. In ka ga irinta a rataye cikin kurangar daji, ka ja da baya ka zauna, masu ita za su zo.

Wannan ya sa ba lallai sai ka koma Kakum ba. Dajin Bobiri yana kusa da ku, a hanyar Kumasi zuwa Accra ta wajen Kubease, kuma masu kallon tsuntsaye suna samunsa a can. Hanyar mota da ta ratsa dajin tana buɗe maka sama, ka tsaya inda rana ke bayanka ka duba rassan da ke fuskantarka. Sai dai wuya zai gaya maka. Kakum ta fi ta nan, domin gadar da aka buɗe a 1995, mai tsawon kimanin mita 350 a gada bakwai, tana ɗaga ka mita 30 zuwa 40 daga ƙasa, sai ka zama kana kallon tsuntsun ido da ido, bayansa kuma ganye ne maimakon farin sarari. In za ka koma, ka nemi izinin shiga da sassafe a wurin ma'aikatan gandun, suna da tsarin haka ga masu kallon tsuntsaye. Hantsin da kuka je lokacin ne gada ke cika da jama'a, tana rawa, ana ihu, tsuntsaye kuma sun fara lafawa. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 shi ne lokacin aiki. Kuma kada ka tsaya a kan gadar kanta, ba madubin da zai tsaya maka a can. Ka zaɓi dandamali ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa a jikin itatuwa, ka jingina da gangar itacen, ka daɗe. Wanda ya zauna wuri ɗaya awa biyu ya fi wanda ya zagaye gadar sau uku ganin abubuwa. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana sa sama ta yi fari fat, abin da ke ƙara wahalar launi, amma a lokacin ne wasu manyan itatuwa irin su rimi ke zubar da ganye, rassa su fito fili, ƙananan tsuntsaye su rasa wurin ɓuya.

Madubin hangen nesa ba makawa sai da shi. Mai lamba 8x42, wato mai ƙarfin kusanto da abu sau 8, ya fi dacewa da kurmi, domin yana shigar da haske da yawa kuma filin da yake nunawa yana da faɗi, ba ka saurin ɓatar da tsuntsu. Mai ƙarfin 12 ko 16 yana ruɗin masu saye, amma rawar hannu da ƙuncin fili suna cinye ribar. Dabarar ɗaga shi ita ce ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin wurin ido ba tare da ka sunkuyar da kai ba. A waya kuma, ka taɓa tsuntsun a fuskar wayar, ka ja alamar haske sama har sararin ya ƙone ya yi fari, tsuntsun zai fito. Bidiyo ma ya fi hoto, don yana riƙe motsi da murya tare. In hanya ta kai ka arewa, wajen Tamale ko gandun Mole, ka yi atisaye a can. Dajin a buɗe yake, itatuwa gajeru, kuma akwai 'yan'uwan waɗannan masu ruɗarwa guda biyu, Anthoscopus parvulus da Sylvietta brachyura, waɗanda ake samu har ƙasar Hausa. Wanda ya san tsinin bakin na farko da guntuwar jelar na biyu a kan ƙaya, zai gane danginsu a saman kurmi ko a inuwa.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kuma shi ne ya raba mai kallon tsuntsaye na ƙwarai da mai tara sunaye: ka rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe littafi ko waya. Ƙwaƙwalwa tana da saurin cike giɓi. Yanzu da na gaya maka ƙafarsa rawaya ce, in ka rufe ido za ka iya "tuna" rawayar ƙafa ko da ba ka gan ta ba, ba don kana ƙarya ba, haka aka halicci tunanin ɗan Adam. Bayanin da ka aiko mini yana da daraja ne saboda ka rubuta shi ba ka san sunan da kake nema ba. Don haka a littafinka ka rubuta wannan gani da "mai yiwuwa ƙwarai Pholidornis rushiae, ba a ga baki da ƙafa ba". In za ka shigar da shi eBird, wato shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ka bari sai ka tabbatar, domin masu bincike suna ɗebo bayanan nan su zana taswirar inda tsuntsu yake, kuma zato da aka rubuta a matsayin tabbas yana ɓata musu aiki.

Ka turo mini hoton yadda yake, kada ka yanke shi, don ganyen da ke gefe zai taimaka wajen auna girma. Ka haɗa da watan da kuka je, da kuma ko tsuntsayen suna sama da kai ne ko daidai da kai a lokacin da ka ga ratsin. Allah ya ba da sa'ar karatu.